Muryar Gagare da Taɓaryar Baiwa

Damina huɗu gonar gidan marigayi Gagare, mahaifin Godiya, ta yi ba a shuka ta ba. Tun ranar da ɓarayin daji suka tashi ƙauyensu da ke bayan Wagini, Godiya da mahaifiyarta Baiwa suke zaune a Batsari, a wani ɗaki da ɗan uwa ya ba su aro a bayan gidansa. Godiya tana yi wa mutane surfe da wankau, abin da ta samo shi za su ci. A shekara ta biyar hanya ta ɗan lafa. Maza suka fara zuwa ƙauyen da sassafe a kan babur, su yi sharar gona, su dawo kafin la'asar. Rana ɗaya Godiya ta bi su tare da Baba Mati, ƙanin mahaifinta, don su ga abin da ya rage.

Gonar tana nan, iyakarta ce ta ɓace. Gambar da ta raba su da gonar gidan Hamma wuta ta cinye ta, shanu sun tattake wurin, an sare itatuwa. Sada, ɗan marigayi Hamma, wanda ya yi gudun hijira zuwa Safana, ya riga su zuwa, har ya kafa turaku a inda yake ganin nan ce iyaka. Turakun sun haɗa da fadamar bakin ƙorama gaba ɗaya. Ita ce kuwa kaɗai wurin da ke ba da dawa ko da ruwa ya yi gardama. Sauran gonar jigawa ce, in an samu gero kaɗan a gode wa Allah. Sada ba azzalumi ba ne, kowa ya san haka. Iyakar abin da ya tuna ya kafa, ya kuma yarda da shi har cikin ransa.

Aka kai maganar gaban mai gari, wanda shi ma a Batsari yake zaune tun tashin ƙauyen. Ya ce a kawo shaida kafin ruwan shuka, in babu, turakun Sada za su tsaya, tunda shi ya share wurin. Dattawan da suka san iyakar, waɗansu sun rasu, waɗansu ba a san garin da suka nufa ba. Maganar Baba Mati ba za ta shiga ba, domin ɗan gida ne. Sada da kansa ya ce a gaban kowa, da Baba Gagare yana raye ya nuna wuri da bakinsa, ba zai ƙara ko kalma ɗaya ba, don bai taɓa jin an kama tsohon da ƙarya ba.

Wannan magana ce ta tuna wa Godiya da kaset. Lokacin tana 'yar shekara shida, yayanta Sadisu, Allah ya ji ƙansa, ya dawo daga ci-rani da rediyo mai kaset. Ya zaunar da mahaifinsu a tsakar gida ya sa shi ya yi ta faɗin gonakinsa da iyakokinsu, yana ɗaukar muryarsa a kaset. An saurara sau biyu ko uku ana dariya, rediyon ya lalace, aka jefa kaset ɗin cikin kwallar Baiwa. Ranar gudu kwallar tana cikin abin da aka ɗauka. Godiya ta zazzage tsofaffin zannuwa, ta same shi a ƙasa, takardar jikinsa ta koma ruwan ƙasa.

Neman wanda ke da abin kunna kaset a Batsari ya ci mata kwana uku. Daga ƙarshe aka nuna mata gidan Malam Nu'uman, malamin kimiyya a makarantar sakandare, mutum mai sanyin magana, wanda ke juye tsofaffin kasusuwan karatu zuwa kwamfuta. Ta same shi da safiyar ranar kasuwa, ranar da Sada zai zo daga Safana a zauna. Malam ya ɗaga kaset ɗin ya duba shi a hasken taga. Ya ce zaren ya gaji, zafi ya dafa shi, wataƙila sau ɗaya kawai zai iya wucewa, don haka ba za su ɓata wannan wucewar wajen saurare ba. Ya sa sababbin batura a rediyonsa, ya ja waya daga rediyon zuwa wani ɗan akwati, daga akwatin zuwa kwamfuta. Ba a jin komai a ɗakin. Godiya ta zauna a bakin tabarma tana kallon ƙafafun kaset ɗin suna juyawa, har gefen ya ƙare rediyon ya yi ƙas.

Wajen mayar da zaren baya ne rediyon ya haɗiye shi. Malam ya yi ta lallaɓa shi da bakin biro, amma zaren ya manne, ya tsinke gida uku, jan garin jikinsa ya zube a yatsunsa. Ya ba ta haƙuri sosai, ya ce kada ta damu, muryar ta riga ta shiga ciki. Ya sa mata abin ji a kunne na ɗan lokaci. Ta ji wani namiji yana cewa, daga marke a miƙe zuwa suri. Tana da shekara tara mahaifinta ya rasu, abin da ta riƙe na muryarsa kaɗan ne. Hawaye suka zubo mata, ta ce shi ne.

Bayan azahar aka taru a zauren gidan da mai gari ya sauka. Baiwa ba ta zo ba saboda ciwon gwiwa. Malam Nu'uman ya ɗora kwamfutar a kan kujera 'yar tsuguno, ya kunna. Muryar ta fito tar, ba ƙura ba ƙara. Ta yi bisimilla, ta fara lissafa gonaki. Godiya tana daga bakin ƙofa tana kallon fuskokin dattawa, tana jiran ta ga sun sunkuyar da kai. Sai ta ga sun kalli juna, sannan ɗaya bayan ɗaya suka juya suna kallon Baba Mati.

Sada ne ya fara magana, kuma bai ɗaga murya ba. “Ranka ya daɗe, wannan ai Baba Mati ne.”

Baba Mati ya ce subhanallahi, shi bai taɓa magana a cikin rediyo ba tunda uwarsa ta haife shi. Ya matsa kusa da kwamfutar ya kara kunne don ya ƙaryata su da kyau. Ya saurara, ya saurara, bakinsa ya ɗan buɗe. Can ya ɗago yana sosa ƙeya.

“Wallahi kuma kamar ni,” in ji shi.

Zauren ya ɗauki dariya, ban da Sada da Godiya. Sada ya miƙe ya ce bai zaci za a yi masa haka ba, a sa tsoho ya yi magana a waya a ce masa mamaci ne. Godiya ta yi rantsuwa, ta ciro fasasshen kaset ɗin daga bakin zaninta ta nuna, amma kaset da zarensa ya tsinke ba ya shaidar kowa. Mai gari ya sa aka kashe tun ba a yi minti uku ba. Ya ce shi dai ya zauna da Gagare shekara talatin, muryarsa ta fi wannan kauri da nauyi, kuma ba ya sauri haka. Duk da haka ya ba su zuwa kasuwa mai zuwa, saboda ya ga yarinyar ba ta yi kama da mai shirya ƙarya ba. Ya ƙara da cewa hadari ya fara haɗuwa a gabas, ba zai tsare mutum daga shuka ba.

A hanyar gida Godiya ta tsare Baba Mati da tambaya, ko dai shi Sadisu ya ɗauka ran nan. Ya ce a'a. Da suka wuce 'yan awo ya ce to, yana yawan shiga gidan a lokacin. Kafin su kai ƙofa ya fara tuno wata rana da ya zauna a kan turmi yana magana ana dariya, amma bai san ko da rediyo a wurin ba. Godiya ta rasa abin da za ta kama. In muryar Baba Mati ce, to wa ta yi wa kuka da safe? Washegari ta koma wajen Malam ta tambaye shi ko na'ura tana iya musanya muryar mutum da ta ƙaninsa. Ya ce a iya saninsa abin da aka ba ta shi take mayarwa. Ya yi zargin batura, amma sababbi ya sa. Ya yi zargin rediyon, ya gwada wani kaset a gabanta, ya fito daidai. Ta ga shi ma abin ya dame shi, wannan kuma bai kwantar mata da hankali ba.

Kwana biyu kafin kasuwa, Malam ya ce mutum ɗaya ya rage wanda bai ji ba, kuma ita ta fi kowa sanin mai muryar. Da aka tashi daga makaranta ya rataya jakarsa ya bi Godiya gida. Suka tarar da Baiwa a inuwar katanga ta miƙe ƙafafu, Baba Mati yana gefe yana gyaran ƙotar fartanya. Aka gaisa gaisuwa mai tsawo, aka tambayi gwiwa da zafi da yara. Sannan Malam ya durƙusa ya kunna.

Baiwa ta karkata kai. Ba ta daɗe ba ta ce ba shi ba ne. Amma tsohuwar ba ta ce a kashe ba. Ta ci gaba da ji, leɓenta yana motsi. Da muryar ta yi gyaran murya sau biyu kafin ta ambaci ƙorama, sai ta ɗaga yatsa.

“Maganar tasa ce. Haka yake kakkaɓe maƙogwaro in zai faɗi abin da ba ya so a manta. Wannan ragon,” ta nuna Baba Mati da haɓa, “bai taɓa jera magana uku a tsare ba. Amma muryar ba ta maigidan ba ce.”

Baba Mati ya ce to madalla, yau ga magana ta wani, murya ta wani, saura a ce tarin na jaki ne. Godiya ta dafe kai. Ta zo neman amsa ɗaya, an ba ta biyu da ba sa zama wuri ɗaya.

Can Baiwa ta ce a tsaya, wace ce ke daka a bayan maganar? Sai a lokacin sauran suka lura. Ƙarƙashin muryar akwai bugun taɓarya, dum, dum, dum, daga nesa kaɗan. Godiya ta ce ai Inna ita ce, ita da kanta ta sha faɗa cewa surfen dawa take yi ran nan. Baiwa ta ce turminta ne, ba shakka, yana da tsaga a gefe, ga ƙarar tsagar nan tana ji. Amma ita ba ta taɓa daka haka ba, kamar wadda aka biyo da bulala.

“Lokacin kina amarya ne, kina son ki burge Yaya,” in ji Baba Mati.

“Amarya da 'ya'ya shida? Kai dai ba ka taɓa ɗaga abin da ya fi ludayin fura nauyi ba, ina za ka sani. Ƙuruciya daɗewa take sa mace a kan turmi, ba sauri ba. Ɗaga ta kake yi ka sake ta, numfashinka yana bin ta. In ka yi wannan saurin dawar watsewa za ta yi. Godiya, jawo mini turmi.”

Godiya ta ce Inna gwiwarki. Baiwa ta ce ba da gwiwa ake daka ba. Aka jawo turmin masu gida, aka zuba dawar da aka kawo surfe, aka yayyafa ruwa. Tsohuwar ta dafa katanga ta miƙe, ta karɓi taɓarya ta auna nauyinta a hannu, ta fara. Malam Nu'uman ya kwance agogon hannunsa ya riƙe. Ya ƙirga mata minti ɗaya cif kafin ta gaji, ya samu bugu hamsin. Ya roƙi Godiya ta karɓa, tunda a hannun uwarta ta koya. Ya samu hamsin ba ɗaya. Ya koma kan kwamfuta ya ƙirga na ciki, sau biyu, ya samu hamsin da huɗu, sannan hamsin da biyar.

Ya nemi a ba shi fasasshen kaset ɗin. A jikinsa an buga lamba sittin, wato minti talatin kowane gefe, kuma Godiya shaida ce gefen ya tafi har ƙarshe. Ya duba tsawon abin da ke cikin kwamfutar, ya ga minti ashirin da bakwai da rabi. Ya ciro takardar jarrabawar wani ɗalibi ya juya bayanta ya yi 'yan rubuce-rubuce. Sai ya ajiye biron a hankali, ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

“Inna, ki yafe mini. Laifin nawa ne, ba na kowa ba.”

Ya yi musu bayani yadda yake yi wa 'yan aji, a hankali, yana duban fuskar kowa. Ya ce kaset yana riƙe murya ne a miƙe kamar igiya, amma kwamfuta ba ta iya haka. Tsinka take yi, tana ɗibar ƙwaya-ƙwaya, da sauri ƙwarai. Ɗan akwatin nan nasa yana ɗibar ƙwaya dubu arba'in da huɗu da ɗari ɗaya a kowace daƙiƙa. In za a saurara, dole a zubo su da wannan adadin. Shi kuwa a makon da ya wuce ya yi aikin hoton bikin makaranta, wanda lambarsa dubu arba'in da takwas ce, ya manta bai mayar ba. Sai kwamfutar ta rubuta wannan lambar a goshin muryar. Tana zubo dubu arba'in da takwas a inda ya kamata ta zubo dubu arba'in da huɗu.

Godiya ta ce ita ba ta gane ba. In an ƙara lamba, ai abu ƙaruwa ya kamata ya yi, ya aka yi minti biyu da rabi suka ɓace? Ina suka tafi, kuma me Baba ya faɗa a cikinsu? Malam ya ce babu abin da ya ɓace. Ya ce ta ɗauka an auna mata irin da zai cika kunya guda, rami ɗaya a kowane taku. In ta matse ramukan, irin yana nan yadda yake, ko ƙwaya ba ta faɗi ba, amma zai ƙare tun ba ta kai ƙarshen kunyar ba. Haka aka matse muryar. Abin da aka matse kuwa sauri yake yi ya sirance, shi ya sa babban mutum ya koma kamar ƙaninsa, shi ya sa taɓarya take gudu. Baba Mati ya ce wato shi Yaya ne da aka matse. Baiwa ta ce an matse an kuma zubar da mai amfanin.

Godiya ta gane rabi, rabin kuma ta bar wa Malam. Ta tambaya ko gyaran zai yi kwanaki. Ya ce lamba ɗaya ce zai sauya, ba zai taɓa muryar ba ko kaɗan. Ya danna, ya goge, ya rubuta, ya duba sau biyu, ya kunna.

Bisimillar ta fito da nauyi, a natse, kamar daga cikin randa. Baba Mati ya saki ƙotar da ke hannunsa. Baiwa ba ta ce shi ne ba. Ta ja mayafinta ta rufe fuska, ta juya wajen katanga. Godiya ta tuno wani abu da ba ta san tana riƙe da shi ba, muryar da ke kiran ta ta kawo ruwa a gona. Ba su yi minti biyar suna ji ba kwamfutar ta ɗauke, don kwana uku ke nan ba wuta a unguwar su Malam. Ya ce zai kai ta shagon caji, su haɗu ranar kasuwa.

Ranar kasuwa zauren ya fi cika, don labari ya zagaya cewa za a sake jin Baba Mati a rediyo. Sada ya zo a makare, ƙafafunsa da jar ƙasar hanyar Safana. Aka kunna. Wannan karon babu wanda ya yi dariya. Mai gari ya runtse ido ya ce Allah ya ji ƙan Gagare, dattawa suka amsa. Godiya ta saki numfashi, ta ɗauka an gama.

Sada ya bari aka yi shiru, sannan ya ce shi ma ya ji, kuma ba zai ce ba ta yi kama da muryar Baba Gagare ba. Amma yana da tambaya. Makon jiya abin nan Baba Mati ne, yau Baba Gagare ne. Wa zai zama mako mai zuwa? In Malam yana iya murɗa shi ya mai da ƙani wa, ta ina shi Sada zai san ba Baba Matin ba ne aka ja aka yi masa kauri?

Mai gari ya dubi Malam Nu'uman. Malam ya faɗi kuskurensa tun daga farko, bai rage komai ba, har da lambobin da taɓaryar da minti biyu da rabi. Mai gari ya tambaye shi kai tsaye, shin in aka rage lambar nan, muryar kowa za ta yi kauri? Godiya ta kafe shi da ido tana roƙo a zuci. Malam ya ce e, ranka ya daɗe, ta kowa. Zauren ya cika da ƙananan maganganu. Wani ya ce a kira tsohuwar ta yi daka a nan, wani ya ce yaushe taɓarya ta zama shaida. Wani dattijo ya tambaya ko dubu arba'in ɗin nan mutane ne. Mai gari ya shafa gemu ya ce shi fa lamba biyu aka ba shi, bai ga ranar da aka haifi ko ɗaya ba, bai san wadda zai rantse a kanta ba. Abin da zai iya kawai, tunda wancan karon an kashe da wuri, yau a bari a ji har ƙarshe, sannan ya yanke.

Muryar ta ci gaba. Ta bi gonar jigawa, ta bi ta bayan gari wadda aka sayar tun Godiya ba ta yi wayo ba, ta tsaya ta yi wa wata akuya tsawa. Taɓarya tana ta bugu a baya. Sada ya zauna a bakin ƙofa yana juya makullin babur a yatsa, alamar jira kawai yake a gama. Wajen minti na ashirin sai aka ji kukan jaki a cikin kaset ɗin, aka ji sallama daga nesa, aka ji Gagare ya amsa yana dariya, ya ce yauwa, ga Hamma nan Allah ya kawo shi, ya zo ya faɗa wa rediyon Sadisu in ƙarya yake yi.

Makullin ya daina juyawa.

Wata murya ta matso, mai ɗan kaushi, tana haki. Ta tambaya ko abin nan yana cizo. Gagare ya maimaita iyakar fadama, daga marke zuwa suri, daga suri a gangara ƙorama. Ɗaya muryar ta ce haka ne, fadama ta Gagare ce tun kakanni, ba mai ja. “Amma kunya ukun nan na ƙasan tsamiya nawa ne, aro na ba ka. Kada ka haɗa da su a rediyo, tsohon wayo.” Aka ji su biyun suna dariya, har Gagare ya sarƙe da tari.

Ba wanda ya yi motsi a zauren. Sada ya taso daga bakin ƙofa ya zo ya tsuguna a gaban kwamfutar. Da ya buɗe baki, Malam ya yi wa magana, ba mai gari ba.

“Malam, mayar da waccan lambar ta makon jiya. Ka sa mini wurin nan.”

Malam ya sauya, ya koma baya, ya kunna. Sallamar ta sake fitowa, siririya, tana gaggawa. Sada bai bari ta kai ga maganar tsamiya ba, ya girgiza kai.

“A'a. Wannan ba Baba ba ne. Mayar da ta ɗazu.”

Aka mayar. Ya saurara har dariyar ta ƙare, ya sa bakin rigarsa ya goge fuska. Mai gari ya tambaye shi a hankali, to wace lamba ya tsaya a kai? Sada ya ce shi bai san lamba ba, ubansa ya sani, kuma in wannan ce ta fito da ubansa daidai, to ita ta fito da Baba Gagare daidai. Ya ce gobe da safe zai cire turakunsa da hannunsa. Ya nemi gafarar Baba Mati. Sannan ya juya wajen Godiya ya ce, amma ƙanwata kin ji da kunnenki, kunya uku na ƙasan tsamiya.

Godiya ta buɗe baki. Tun tasowarta su ke noma kunyoyin nan, a nan take tsinkar yakuwa, ba ta taɓa jin an ce aro ba ne. Ta dubi Baba Mati, ya kawar da kai yana kallon rufin zaure. Ta tuna ita ta kawo shaidar, ba ta da ikon ɗaukar rabinta ta bar rabi.

“Na ji, Yaya Sada. Naku ne.”

Wani ya ce ai tsamiyar an sare ta. Sada ya ce kututturen yana nan, ya yi tuntuɓe da shi ranar shara. Mai gari ya sa mutum biyu su bi su gobe su ga an ja igiya daga kututturen, aka shafa fatiha, mutane suka fara neman takalmansu.

Godiya ta tsaya ta yi wa Malam godiya, tana ta lissafin wanda za ta roƙa ya ɗauke ta a babur da sassafe, da inda za ta samo irin dawa mai saurin nuna. Ba ta samu ta yi maganar ba, don Sada ya riga ta. Ya ɓalle bayan wayarsa, ya zaro ɗan memorin da ke ciki da farce, ya miƙa wa Malam a tafin hannu. Ya ce in ba damuwa a sa masa wurin da Baba ya shigo, tun daga kukan jakin, akwai ƙannensa a Safana da ba su san muryarsa ba.